Shuɗin Daro da Ungulayen Goggo

Har yau shuɗin daron yana rataye a bayan ƙofar ɗakin girkinmu a Asawase. Ba a wanki a cikinsa, ba a jiƙa wake. Mma, mahaifiyata, ta sha cewa a fitar da shi, amma ba wanda ya miƙa hannu. Na Goggo ne, ƙanwar mahaifina. A cikinsa ta yi shekaru tana ɗaukar kayan ciki daga mayanka tana kai wa ungulaye goma sha bakwai, su kaɗai suka rage a ɓangarenmu na Kumasi, kuma ni ce na ba baƙo aronsa.

Goggo masaniyar tsuntsaye ce. Ta koyar a jami'a, ta yi rubuce-rubucen da ake karantawa a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba. A unguwa kuwa abin da ake cewa shi ne an tura ta boko ta dawo tana bin mushe. Da balbelu ta fara, masu bin shanu a zango, daga baya ta koma kan ungulu. Ta ce farin tsuntsu kowa na sonsa, ita kuwa ungulu ba ta da mai tambayar lafiyarta.

Takan ba ni labarin lokacin da take yarinya, ba a ganin kwanon rufin mayanka don yawansu. Mahauci zai juya ya amsa gaisuwa, kafin ya waiwayo an yi sama da hanjin da ya ajiye. Ni da na taso, sai an ɗaga kai an jima ana nema kafin a ga guda. Wasu wayar lantarki ta kashe su, wasu an sare itatuwan da suke sheƙa a kai. Amma abin da ya fi cin su, in ji Goggo, kasuwa ce. Akwai masu sayen kan ungulu da ƙafafunta su kai wa 'yan magori a haɗa asiri. Shi ya sa ba ta faɗa wa kowa inda take ciyar da nata.

Ina shekarar farko a jami'a na fara bin ta. Adabi nake karantawa, ba kimiyya ba, amma idonta ya soma gajiya da ƙananan rubutu, tana bukatar mai riƙe mata littafi. Kowace Asabar muna idar da sallar asuba sai mu fita, daro a kaina, madubin hangen nesa a wuyanta a ƙarƙashin mayafi. Mayanka muke fara zuwa. Tun daga ƙofa mahauta za su hango mu.

"Ga uwar ungulaye nan. Hajiya, yaran sun kwana lafiya?"

"Lafiya lau. Sun ce in gaishe da kawunnansu. Sana'arku ɗaya ai, sai dai su ba sa danna ma'auni da yatsa."

Sai a kwashe da dariya, wani ya ce wallahi Hajiya ba a gama da ke lafiya, wani ya tambaya yaushe za ta aurar da babbar a ci shinkafa. Tana amsa musu, amma idonta na kan wuƙa. Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa sassauta ta ba: ba abin da zai shiga daron nan sai wanda ta ga an yanka a gabanta. Takan tambayi wace saniya ce, daga ina, an yi mata allura kwanan nan ko ba a yi ba. Ta shinshina huhu, ta juya tumbi. In ranta bai kwanta ba ta ce a mayar, ko da mahaucin zai yi ta ƙunƙuni.

Daga nan mu hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa unguwar Anloga. Mutane kan ja jiki su bar mana kujera guda saboda ƙarni. A bayan kasuwar katako, in ka wuce inda ake tara dusar katako tsibi-tsibi, akwai wani fili da tsohon rimi a tsakiyarsa. Masu zarto sun bar shi ne don cikinsa kogo ne, ba zai ba da katako ba. A bakin hanyar filin wata Ba'asantiya ke sayar da koko. Ita ma tana da sunan da take kiran Goggo da yarensu, opete maame, wato dai uwar ungulu, kuma kullum sai ta zuba mana koko ta hana mu biya.

Goggo za ta karɓi daron ta tafi da shi tsakiyar fili a hankali, ta zazzage, ta kife shi a gefe. Shekara uku, in ji ta, ta yi kafin su yarda su sauko tana wurin. Zuwa lokacin da na fara bin ta, tun daga sama suke gane shuɗin nan. Mu kuma mu koma kan wani gungume mu zauna.

Ban san yadda zan sa wanda bai gani ba ya yarda cewa abin yana da kyau ba. Suna saukowa ne kamar ba su da nauyi, ɗaya bayan ɗaya, fikafikai a buɗe, sai sun taɓa ƙasa sannan su koma tsofaffi masu tafiya da ƙyar. Fuskar ungulu fari-fari take in hankalinta a kwance yake, amma da ta ga abinci sai ta yi ja, kamar budurwar da aka ambaci sunan wanda take so a gaban iyayenta. Kusan kowace tana da alamar roba ruwan ɗorawa a fiffike, da lamba a jiki. Goggo da abokan aikinta suka kama su da tarko suka saka musu, don a san wadda ke raye da wadda ta ɓace. Ita tana dubawa da madubi tana kiran lamba, ni ina rubutawa. Wani lokaci hankalina ya tafi, in juya bayan littafin ina tsara baiti.

"Ɗiyata, lamba na ce. Waƙar ki bari sai mun hau mota."

Goma sha shida ke da alama. Ta goma sha bakwai ba ta da ita. Sau uku aka ɗana mata tarko tana ƙi. Ba ta saukowa sai mun tashi mun yi nisa, tana can kan reshen ƙoli tana kallonmu da gefen ido. Goggo na jin haushinta ƙwarai, tana kiran ta mai taurin kai. A littafi, inda ya kamata a sa lambarta, ɗan layi kawai nake ja.

Sauran ranakun mako, in ba ta da aji, Goggo makarantu take bi, na boko da na Islamiyya, daga Asawase har Ashanti New Town, da wani babban hoto a naɗe a hammata. Takan tambayi yara wa ke share garin in akuya ta mutu a kwata ba wanda ya ɗauke. Takan sa su faɗa tare, sau uku, da ƙarfi: ba a jifan ungulu. Duk wanda ya kawo mata danƙon harbin tsuntsu sai ta musanya masa da fensir mai launi. Danƙwayen nan ta tara su a wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin gadonta. Ban taɓa tambayar ta dalilin da ya sa ba ta ƙone su ba.

Gidanmu kuwa gidan baƙi ne. Baba mai masauki ne, kamar yadda kakanmu ya yi kafin shi. Fataken shanu daga Burkina da Nijar da Mali a ɗakunan da ke kewaye da zaurenmu suke sauka, Baba ya tsaya musu a zango har su sayar su koma. Da ƙa'idodin gidan muka tashi kamar yadda muka tashi da Fatiha. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya faɗa da kansa. In wani ya zo ƙofa yana neman sunan baƙo, ba a sani ba. Abin da baƙo ya nema, in dai gidan na da shi, buta ce ko tabarma ko bargo, miƙa masa ake yi ba a ce me za ka yi da shi ba.

Wata damina wani dattijo ya sauka tare da fatake, amma shi ba shi da shanu. Siriri ne, mai sanyin murya, da carbi a hannu da wani buhu a ninke a ƙarƙashin jakarsa. A tire ɗaya yake cin tuwo da Baba, a sahu ɗaya suke salla. Kwana biyu da zuwansa ya tarar da Goggo a kan bencin ƙofar gida tana goge madubinta, ya gaishe ta, ya tambaya na mene ne. Da ta faɗa masa, bai yi dariya ba.

"Malama," ya ce, "gaskiya ne ƙwai ɗaya tak ungulu take yi?"

Ba wanda ya taɓa kiran ta Malama a layinmu. Ta ajiye tsumman. Suka yi ta hira tun hantsi har aka kira azahar. Ya san uwa da uba ne ke karɓa-karɓa a kan ƙwai. Ya ce a ƙasarsu sun ƙare ƙaf, yaran yanzu ba su san kamanninta ba, ya girgiza kai. Ina daga cikin zaure ina jin muryar Goggo ta koma ta yarinya. Da ta shigo cin abinci ta ce da ni, "Fiye da shekara ashirin ina wannan aiki, yau ne mutumin zango ya tambaye ni kwana nawa ungulu ke kwanci." Duk da haka ba ta saki baki ba. Washegari da ya tambaye ta ina nata suke kwana, dariya ta yi ta nuna sama. "Suna nan inda Allah ya ajiye su, Malam."

Ranar Alhamis ta tafi Tamale, an gayyace ta ta koyar da malaman makaranta na mako guda. Ta bar mini ƙirgar Asabar. Na taɓa yi sau biyu ni kaɗai, ta san na iya.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci dattijon ya tare ni a zaure.

"'Yar maigida, ina da wata bukata, in ba zan takura miki ba."

Ya ce mahaifiyarsa na kwance a gida, ta tsufa ƙwarai. Wani malami ya ce ya yi sadakar nama ga tsuntsayen sama, safiya uku a jere. Ya nema a garinsu bai samu masu ci ba. Ya ce ya ji Malama na da inda take kai musu, ko zan taimaka masa ya sauke wannan nauyi.

Irin wannan sadaka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ana yi wa tsuntsaye, ana yi wa tururuwa da gero. Na ce bari in tambayi Baba. Na same shi yana shan shayi da fatake, na durƙusa na faɗa masa a hankali. Ko juyowa bai yi ba.

"Baƙo zai yi sadaka kin tsaya shawara? Kai shi mana."

Na daɗe ina so in ɗora wa wannan magana ta Baba komai, amma ba gaskiya ba ne. Ina so in kai shi. Shekara guda ina kallon abin da ya fi komai kyau a garin nan, duk wanda na ba labari sai ya toshe hanci. Ga mutum mai furfura, mai carbi, yana so ya gani. A raina har na fara tsara yadda zan ba Goggo labari in ta dawo.

Ranar Asabar na bi doka ƙafa da ƙafa. A gabana aka yanka, na tambayi allura, na shinshina huhu. Muka hau trotro tare da dattijon. Mai koko ta gaishe shi, ta zuba masa. Na zazzage, na kife daron, muka zauna a kan gungume. Suka sauko. Ina karanta lamba ina rubutawa, shi kuma ya miƙe tsaye, hannuwa a baya, leɓɓansa na motsi. Na ɗauka addu'a yake yi wa mahaifiyarsa, har na sassauta muryata don kada in katse shi.

"Sai Asabar kaɗai suke zuwa?" ya tambaya da muka tashi.

Da alfahari na ba shi amsa. Ina tuna daɗin da na ji a bakina. "A'a, Baba. In dai sun ga daron nan, ko wace rana ce za su sauko."

Lahadi akwai suna a gidan maƙwabtanmu, Mma ta riga ta ce da ni za a yi aikin abinci. Dattijon ya ce kada in wahalar da kaina, ya gane hanya, in ba shi aron daron kawai, zai sayi naman da kansa. Dokar Goggo ta zo mini a rai, ba zan ce ba ta zo ba. Amma wannan mutum a tiren Baba yake ci. Na ciro daron daga bayan ƙofa na miƙa masa da hannu biyu.

Da hantsi ya dawo da shi. An wanke shi tas, yana ƙanshin sabulu, har gefen bakinsa inda jini ke maƙalewa an kankare. Na ce a raina wannan dattijo akwai tsabta. Da la'asar sai ga shi da jakarsa, zai bi wata motar shanu da ke komawa arewa ba kaya. Buhun da ya zo da shi a ninke yanzu a ɗaure yake, ya ɗan cika.

"Baba, ai sadakar saura kwana ɗaya," na ce.

"Allah ya riga ya karɓa, 'yar maigida. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji nagari."

Na ce amin.

Mai koko ce ta kira Goggo ranar Litinin. Lahadi tana coci, ba ta fito ba. Talata da safe Goggo ta kira ni daga tasha ta ce in same ta a Anloga, in zo da littafi. Ta kashe wayar.

Kafintoci ne suka tono gawarwakin ungulayen daga cikin dusar katako saboda wari. Sun jera su a gindin rimi. Akwai karnuka biyu da suka mutu a gefe, da hankaki da dama. Maganin ƙwari na gona aka zuba a naman, irin wanda ba ya ɗaukar lokaci. Goma sha shida ne. Ba kai, ba ƙafafu. Alamun fiffiken ya bar su, ba su da amfani a wurinsa.

Goggo ta sa safar hannu ta roba. Ta durƙusa a kan ta farko, ta ciro alamar, ta ɗaga ta kusa da idonta, ta kira lamba. Na tsaya kawai.

"Rubuta, ɗiyata."

Na rubuta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da muryar da take kira kowace Asabar, ni kuma ina rubutawa, takardar tana jiƙewa. Na san wadda ke ɗingishi, na san wadda kullum ita ke fara sauka, amma ba kai ba ƙafa ban iya bambance su ba sai da lamba. Da muka gama ta roƙi kafintoci su haƙa rami mai zurfi, a ƙone su a ciki tare da karnukan, kada wata dabba ta ci ta bi su. Hayaƙi na tashi ta yi mini tambaya ɗaya.

"A cikin me ya kawo musu?"

Na faɗa mata komai. Ta gyaɗa kai, ta cire safar, ta jefa a wuta.

Daga nan gida muka yi. Ba ta ko ajiye jaka ba ta shiga wurin Baba. Ina bakin ƙofa.

"Yaya, sunansa nake so da garinsu."

"Ba zan iya ba."

"Amma ka sani."

"Na sani." Ya jima yana juya hularsa a gwiwa. "Mutumin da ya kwana a zauren nan, ya ci a tirena, in na miƙa shi ga hukuma yau, gobe labari ya kai Wagadugu. Ba bafataken da zai sake sauke jakarsa a ƙofar nan. A kan wannan gidan ya tsaya tun zamanin mahaifinmu. Ke ma da shi kika yi karatun."

"Wani garin zai tafi, Yaya. Ya sami wani gidan baƙi, da wata mai daro."

"Ba zai sake kwana a nan ba, wannan na yi miki alkawari. Abin da ya yi, shi da Allah." Sannan ya sassauta murya, irin yadda yake lallashin ƙananan yara. "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Tsuntsaye ne fa."

"Na sani," in ji Goggo. "Duk garin nan ba wanda ya kai ni sanin tsuntsaye ne."

Ta kai rahoto inda ake kaiwa, da lambobi goma sha shida, ba suna. Da yamma Baba ya aika mata da gasasshiyar kaza, abin da bai saba ba. Ta ce a gode masa, ta ba yara.

Na yi kwanaki ina jira ta yi mini faɗa. Ina wanke mata kaya, ina kai mata shayi, tana cewa sannu ɗiyata kamar kullum. Rannan na kasa, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na ce, "Goggo, don Allah ki zage ni."

Tana zira alamun nan a zare, za ta saka su a gwangwanin madara. Ba ta ɗago ba.

"Ke safiya ɗaya kika ba da daro. Ni shekara nawa na yi ina koya musu cewa in mutum ya zo da abu a hannu alheri ne? Da ba sa yarda da kowa. Don in ji daɗin ƙirga na lallashe su har suka yarda. Wa zan zaga?"

Da zagin ta yi da na fi samun sauƙi. Har yau ina ganin haka.

A mayanka an daina kiran ta uwar ungulaye, don ta daina zuwa. Wani tsohon mahauci ya zo har gida ya ce, "Hajiya, mun ji. Allah ya ba da haƙuri," ya tsaya yana murza hannu kamar a gidan rasuwa. Wasu kuma a layi na ji da kunnena suna cewa an huta da ƙazanta. Ta rubuta rahotonta na ƙarshe ta rufe binciken, ba a jima ba ta bar jami'a. Makarantu kam ba ta daina bi ba. Na raka ta sau ɗaya. Ta warware hoton ta tambaya wa ya san wannan. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce talotalo ne. Wata kuma ta tambaya, "Madam, a Ghana akwai shi?" Goggo ta ce akwai. Ta sa suka faɗa sau uku, ba a jifan ungulu, suka faɗa da ƙarfi suna dariya.

Mai taurin kai ba ta mutu ba. Ranar da aka zuba gubar, kamar kullum, ba ta sauko ba mutum na wurin, shi kuma ya kwashe komai ya binne kafin ya tafi. Mai koko ce ta aiko mana cewa tana ganin ta a ƙolin rimi. Muka koma zuwa ranar Asabar, ba daro, mu zauna a kan gungume mu kalle ta, in ja ɗan layina a littafi.

Bayan wasu watanni abin ya canza. Ko yunwa ce, ko kaɗaici, ban sani ba. Ta fara saukowa bakin hanya inda ake zubar da shara, tana tafiya tsakanin masu ɗaukar katako kamar kazar gida. Wata Asabar muka iske ta taku kaɗan daga teburin mai koko, wani ya jefa mata ƙashi tana ci, fuskarta ta yi ja. Da a da ne, da Goggo ta yi murna, ga tarko ya zo da sauƙi.

Asabar ta gaba ta fito da tsohuwar jakar nan daga ƙarƙashin gado. A kan gungume ta zazzage ta. Robar yawancin danƙwayen ta mutu, ta yi ta ja tana gwadawa har ta sami mai kyau. Ta ɗaga, ta auna, ta sauke. Ta miƙo mini.

"Idonki ya fi nawa. Kada ki same ta. Kusa da ita za ki harba, ƙasa ta tashi. Duk lokacin da ta sauko inda mutane suke, ki yi mata haka, har sai ta tsane mu."

Na tsinci tsakuwa. Na farko ya tafi can wani wuri. Na biyu ya bugi ƙasa a gabanta. Ta yi tsalle baya, ta juyo ta dube ni, jan fuskarta ya janye ta koma fari fat, sannan ta buɗe fikafikai ta tashi da ƙyar.

Yanzu ni kaɗai nake zuwa, gwiwoyin Goggo ba sa son trotro. Mai koko ta hana kowa jefa mata abinci, in ta gan ta a ƙasa tsakiyar mako takan kore ta da tsintsiya. Wata safiya ina cikin jan danƙo sai na ji ƙaramar murya a bayana. Wata yarinya ce da aka aiko sayen koko, ta riƙe kofinta da hannu biyu tana harara ta.

"Anti, ba a jifan ungulu. Madam ta ce."

Na ce mata gaskiya ne, Madam ta ce. Ta tsaya tana jiran in ajiye, ban ajiye ba. Na jira har ta gaji ta tafi, tana waiwaye.

Mai taurin kai ta gane mayafina yanzu, kamar yadda 'yan'uwanta suka gane shuɗin daro. Tun ina sauka daga mota take barin ƙasa. Kwanan nan ko a rimin ba ta tsayawa in ina wurin, sai ta yi sama ta yi ta kewayawa har ta zama ɗigo, wuyana ya gaji. In na koma gida Goggo na kan benci a ƙofa, baƙin Baba na shiga suna fita ta gefenta da butocinsu.

"Ta sauko?"

"Ba ta sauko ba, Goggo."

"Madalla," takan ce. Sai ta karɓi littafin ta duba ɗan layin da na ja, ta rufe.